Me kuka karanta a watan nan, kuma mene ne wannan wasan da Yaya Nura ke ta talla?

Bilkisu: Assalamu alaikum jama'a. Wata ya mutu, kowa ya zo ya faɗi abin da ya karanta. Ni Ruwan Bagaja na koma wa, rabona da shi tun sakandare. A da dariyar Malam Zurƙe kawai nake bi. Wannan karon abin da ya kama ni shi ne littafin ba ya zama wuri guda: a shiga gari, a yi wa wani wayo, asiri ya tonu, a arce, sai wani garin kuma. Ga shi don gasar 1933 aka rubuta shi, aka buga a 1934, lokacin Abubakar Imam bai cika shekara 25 ba.

Ummi: Wa alaikumus salam Anti. Ni jarabawa ta cinye mini watan, amma na lallaɓa na gama Akata Witch na Nnedi Okorafor. Labarin wata yarinya ce zabiya, an haife ta a Amurka iyayenta suka dawo da ita Najeriya. Abin da ya burge ni, a duniyar tasu duk sanda mutum ya koyi wani abu sabo sai kuɗi su faɗo masa daga sama. Da haka ake yi a makarantarmu da yanzu na sayi mota 😂

Khalifa: Da ke da wa? Da sai dai ki ci bashi. Ni dai kun san hali, littattafan yaƙi. Sadauki ya zare takobi, dakaru dubu sun zube, gimbiya ta leƙo ta taga. Ba na neman abin da ya fi haka bayan na taso daga kasuwa.

Nura: Ummi, abin nan da kika faɗa na kuɗi su faɗo in an koyi abu, kusan haka ake yi a wasan da nake ta ba ku labari. In jaruminka ya tsallake wata wahala sai a rubuta masa maki, makin ya taru ya hau mataki. Kuma Bilkisu, Ruwan Bagaja ai tsarin wasan ne sak: an fita neman abu guda, hanya ta yi tsawo, kowane zango da masifarsa, ga abokin hamayya da ke ɓullowa inda ba a zata ba.

Ni a watan nan The Dying Earth na Jack Vance na karanta, na 1950. Dalilin wasan ma na neme shi.

Malam Habu: Nura, kusan duk wata sai ka kawo maganar wasan nan, ni kuwa har yau ban gane kansa ba. Na kwamfuta ne, ko irin su dara da ludo? Yi mini bayani irin na wanda gemunsa ya fara fari.

Nura: Allah ya gafarta Malam, ba kwamfuta a ciki, allo ma ba dole ba ne. Mutum huɗu ko biyar za su zauna. Ɗaya shi ne mai jan labari, shi ya san garin, shi ke magana da bakin sarki da ɓarawo da mai sayar da fura. Sauran kowa da jarumi guda, an rubuta halayensa a takarda da lambobi: ƙarfi, zafin nama, juriya, kaifin ƙwaƙwalwa, hikima, kwarjini.

Misali ni ne mai jan labari, in ce: kun iso ƙofar gari bayan magariba, an rufe, mai gadi ya ce sai gobe. Me za ku yi? Khalifa zai ce zai haura ganuwa. Ummi ta ce a'a, bari ta lallashi mai gadin. To ban isa in ce ta yi nasara ko ba ta yi ba don son raina. Sai in sa lamba a zuciyata, a ce 15, saboda mutumin yana da taurin kai. Ta jefa ɗan ludo mai fuska 20, ta ƙara makin kwarjininta, a ce 3. In ya ba ta 12 ko sama, ƙofa ta buɗu. Fuska 9 ke nan cikin 20, ba ta ma kai rabi ba. In ya ba ta 4, mai gadi ya fusata ya kira 'yan uwansa, labari ya juya inda ni kaina ban shirya ba. Daɗin ke nan. Babu wanda ya san ƙarshen, har mai ba da labarin.

Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons. D&D ake ce masa a taƙaice. Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a 1974 a Amurka, daga wani ƙaramin gari, Lake Geneva a jihar Wisconsin. Ni a Ingila na koya lokacin karatu.

Khalifa: Wato tatsuniya ce da lissafi.

Bilkisu: Tatsuniyar da masu sauraro ke da bakin magana. A ta kaka in ka ce Gizo kada ya shiga ramin nan, cewa za ta yi rufe mana baki.

Ummi: Yaya Nura to ina ruwan littafin Vance da wasan?

Nura: Yauwa. A littafin jagorar mai jan labari na 1979, Gygax ya sa jerin marubutan da ya ce daga gare su ya ɗebo wasan, a can ƙarshen littafi. Mutane suna ɗauka Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, shi ne uban komai, shi kuwa Gygax ya fi jingina kansa da irin su Robert Howard mai Conan, da Fritz Leiber, da Vance ɗin nan. A wajen Vance, matsafi yakan haddace ɗalasimai 'yan kaɗan ne kawai, ƙwaƙwalwarsa ba ta ɗaukar da yawa, kuma da ya furta guda sai ya goge daga kansa, sai ya koma littafi ya sake haddacewa. Haka aka ɗauko shi aka sa a wasan. Shi ya sa a tsohon tsarin, sabon matsafi abu guda yake iya yi a yini, daga nan sai ya laɓe bayan masu takobi.

Amma fa Tolkien ɗin ma an ɗiba. Bugun farko na wasan har da hobbit, gajerun mutanen nan na labaransa, a ciki, sai da masu haƙƙin littattafan suka yi barazanar kai ƙara aka canza sunan zuwa halfling.

Abin da na lura shi ne, duk mai jan labarin da ba ya karatu, zama biyu za ku yi ku ga ƙarshen kayansa. Kullum kogo, kullum dodo, kullum akwatin zinariya.

Khalifa: To ni me ya fi min wannan? Kogo da dodo da zinariya, a ƙaro gimbiya, an gama.

Malam Habu: Na gane yanzu, kuma ban ƙi hikimar abin ba. Amma abu biyu sun tsaya mini. Na farko ɗan ludon nan. Hadisin Buraida yana cikin Sahihu Muslim, cewa wanda ya yi wasa da nardashir, wani wasan allo da ake jefa ƙwaya, kamar ya tsoma hannunsa ne a naman alade da jininsa. Akwai kuma na Abu Musa a Muwaɗɗa. Malamai da yawa ba su tsaya kan nardu kaɗai ba, sun haɗa da duk wasan da aka gina kan jefa ƙwaya, ko da kuɗi ko babu. Na biyu, ka ce matsafi. Yaro ya zauna awa uku yana cewa ni matsafi ne, na jefa ɗalasimi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Khalifa: Malam ai littattafan yaƙin da nake karantawa bokaye sun fi sadaukai yawa a ciki, ba wanda ya taɓa cewa komai.

Malam Habu: An ce, Khalifa, kai ne ba ka ji ba. Kuma karanta labarin boka daban, ka ce ni ne bokan daban.

Bilkisu: Malam yana da magana a nan. Sai dai ɗan wasan kwaikwayon da ya fito a boka fa? Shi ma cewa yake ni ne.

Malam Habu: Shi ma da sauran magana a kansa, 'yata, amma kada mu buɗe wannan ƙofar yau.

Nura: Malam ba zan ja da hadisi ba, kuma ni ba mai fatawa ba ne. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda wasan yake: ba a sa kuɗi, babu wanda ya ci babu wanda aka cinye, duk 'yan tebur ɓangare guda suke. Ko wannan ya fitar da shi daga hukuncin ko bai fitar ba, malamai za a tambaya, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi.

Maganar tsafi kuwa ba mu muka fara ta ba. A Amurka cikin shekarun 1980 an yi ta rigima, iyaye da wasu coci-coci suka ce wasan yana jan yara ga bautar shaiɗan, har wata uwa ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi bayan rasuwar ɗanta. Kamfanin da ke buga wasan ya tsorata, a bugu na biyu na 1989 suka cire kalmomin shaiɗanu daga littattafan suka sa wasu sunaye.

Amma ga abin da nake so a gane: D&D guda ne cikin ɗaruruwa. Akwai wanda ba ɗan ludo sam. Amber, na 1991, gwanjon halaye ake yi tun farko, wanda ya fi ka ƙarfi ya fi ka, sai dai ka yi masa dabara. Akwai kuma Dread, shi da katakon Jenga ake yi, ƙananan katakai da ake jerawa su yi hasumiya. Duk sanda jaruminka zai yi abu mai haɗari sai ka zaro katako guda daga hasumiyar ka ɗora a sama. In ta rushe a hannunka, jaruminka ya fita daga labari. Ba sa'a ba ce, hannunka ne da natsuwarka.

Malam Habu: To wannan na biyun da sauƙi. In ba ƙwaya, ba tsafi, ba a bar salla ta wuce ba, ban ga abin faɗa ba.

Mahamane: Salamu alaikum, na iske zance ya yi nisa, wuta ce ba mu da ita tun safe nan Damagaram. Ni ban taɓa son D&D ba, ku yi haƙuri Nura. Jarumi yana ta ƙara ƙarfi har ya zama ba abin da ke iya taɓa shi, daga nan ina tsoro, ina daɗi? Wanda na sani shi ne Call of Cthulhu, da Faransanci na fara ganinsa, don Faransawa suna ji da shi ƙwarai. A 1981 ya fito, an gina shi kan labaran Lovecraft, wani marubucin labaran ban tsoro ɗan Amurka. Kai ba sadauki ba ne, malamin makaranta ne ko ɗan jarida ko likita a shekarun 1920. Kowace gwaninta kashi ce cikin ɗari: in kana da 60 a binciken ɗakin karatu, sai ka jefa ka samu 60 ko ƙasa. Kuma ban da lafiyar jiki akwai makin hankali. Duk abin firgici da ka gani, duk littafin da bai kamata ka buɗe ba ka buɗe, hankalin yana raguwa. Wanda ya fi kowa sani shi ya fi kusa da hauka.

Ummi: Kishiyar Akata Witch ke nan. Can ilimi kuɗi yake kawowa, nan hauka.

Bilkisu: Na taɓa gwada karanta Lovecraft na ajiye. Mutumin ba ya ɓoye ƙyamar baƙar fata, ko kaɗan. Ba zan iya ba.

Mahamane: Gaskiyarki, Hajiya, haka yake, ba mai kare shi kan wannan. Ni tsarin wasan nake ɗauka in bar masa ƙyamarsa. Kuma abin da na karanta watan nan ya sa na ga ba ma buƙatar dodanninsa. Sarraounia na Abdoulaye Mamani na sake bi, na 1980. Ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899, suna tafe suna ƙone garuruwa, suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, suka yi ɓarna a Birnin Konni, daga ƙarshe nasu sojojin suka harbe su. Ku ɗauka 'yan wasa mutanen wani ƙauye ne da ke kan hanyar ayarin. Labari yana zuwa daga bakin 'yan gudun hijira, kowa da irin nasa. A gudu? A tura musu hatsi da shanu a roƙi aminci? A bi Sarauniya? Wane dodo ya kai wannan?

Malam Habu: A nan kuma zan sake tsayawa. Mutanen nan an kashe su da gaske, jikokinsu suna raye. A mai da su abin nishaɗin daren Asabar, ana ci da gyaɗa ana dariya? Kuma wa zai yi magana da bakin Sarauniya, ya sa mata maganar da ba ta faɗa ba?

Mahamane: Shi ma Mamani ya sa mata magana a baki, Malam. Med Hondo ya yi fim a kai a 1986, ya ƙara nasa.

Malam Habu: Su sun zauna sun yi bincike, sun sa sunansu, in sun yi kuskure a kama su. Ku kuwa abin da ya zo bakinku a lokacin za ku faɗa.

Nura: Ina ganin akwai tsakiya. Kada manyan mutanen tarihi su fito a fili, a riƙa jin labarinsu daga nesa. Ƙauyen kuma a ƙirƙire shi. Amma ni ma gaskiya ba zan fara da wannan ga sababbi ba, ya yi nauyi.

Alhaji Tanko: Ina ta karantawa ina shiru, don ni wasa ba fagena ba ne. Amma tunda ana neman labarin da ba tsafi ba kisan kiyashi, ga shi a ƙofar gidanku kun tsallake. Mu nan zangon Kumasi kakanninmu goro ya kawo su. Ɗana ya kawo mini Caravans of Kola na Paul Lovejoy, na 1980, ina bi a hankali da tabarau. Ayari zai tashi daga Kano da jakuna, an ɗoro kanwa da tufafi da fatu. A ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, a ratsa Bargu ta Nikki, a bi Jugu, Sansanin Mango, Yandi, har Salaga a ƙasar Gwanja. Watanni ake yi. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke ciniki da kowane sarki kan kuɗin wucewa. Jagaba yana gaba. Ga uban dawaki. Ƙasar Bargu kuwa an san ta da 'yan fashi.

Dawowar ta fi wuya, don goro ba ya son wasa. A huhu yake cikin ganye, sai ana buɗewa ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya fara lalacewa, in ba haka ba guda ɗaya ya ɓata sauran. Kowace kwana da kuka ƙara a hanya dukiya ce ke narkewa. To sarki ya tsare ku a bakin kogi ya ce sai an ninka kuɗin fito. Ku biya, ko ku zauna ciniki goro yana bushewa, ko ku zaga ta dajin da ba ku sani ba? Ban san wasanku ba, amma in wannan bai isa labari ba ban san me zai isa ba.

Nura: Baba Alhaji, wallahi ka gama aikin. Abin da ke ba masu jan labari wahala shi ne samo dalilin da zai hana 'yan wasa zama wuri guda suna gardama. Kai ka kawo agogo a cikin huhu.

Bilkisu: Tambaya guda Baba. Ayarin nan ba su da bayi? Don Shaihu Umar na nan a raina, yaron da aka sace, uwarsa ta bi Sahara tana nemansa. Kada mu yi labarin fatake mu share wannan kamar ba a yi ba.

Alhaji Tanko: Akwai su, 'yata. Salaga kanta babbar kasuwar bayi ce, ba goro kaɗai ba, rijiyoyin da ake musu wanka suna nan har yau ana zuwa gani. Wasu masu ɗaukar kayan ma bayi ne. In za ku yi, ku yi da shi a ciki.

Ummi: To ni zan zama wadda take cikin ayarin don neman ƙaninta da aka sayar. Ba wanda ya sani sai madugu.

Khalifa: Kin faɗa a gaban kowa, yanzu duk mun sani 😂 Ni uban dawaki ne, kada wanda ya taɓa mini. Kuma a ba ni takobi.

Nura: Za a ba ka, amma ka sani duk sanda ka zare shi katako biyu za ka ja, ba guda ba.

Khalifa: Wannan zalunci ne. A littattafaina sadauki ba ya jan komai.

Mahamane: Shi ya sa littattafanka ba wanda ke mutuwa sai dakaru marasa suna. Nura, akwai matsala fa. Jenga sai ana wuri guda. Ni ina Damagaram, Baba Alhaji yana Kumasi. Ta waya ɗan ludo ya fi sauƙi, kowa ya jefa nasa ya faɗa.

Malam Habu: Ka ga an dawo kan ƙwayar.

Nura: Ba za a dawo ba Malam. Na Kano su zauna wuri guda da hasumiyar, a kafa waya tana kallonta. Na nesa kowa ya zaɓi wanda zai riƙa ja masa.

Mahamane: To kada a ba ni Khalifa, hannunsa rawa yake tun kafin ya sha shayi.

Ummi: Akwai Jenga a gidanmu amma ƙannena sun ɓatar da guda uku, saura 51.

Bilkisu: Hawa 17 ke nan cif, ya isa. A gidanmu za a yi, bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Mata a falo guda da maza, Mama tana nan, don kada wani ya ce. Malam, kai fa? Ko kallo?

Malam Habu: Zan zo in ga abin da idona kafin in yanke masa hukunci. In kuna neman sarkin da zai tsare ku a bakin Kwara, ku ba ni shi. Ba zan rage ko wuri guda ba.

Nura: An ba ka. Baba Alhaji, kafin ranar ina buƙatar abu biyu daga littafin nan: sunayen zangon da ke tsakanin Nikki da Salaga a jere, da irin kayan da ake ba sarakuna gaisuwa. Ka ɗauko hoton shafukan in ba damuwa.

Alhaji Tanko: Sai yaron ya dawo daga shago, ni in na ɗauka rabin shafin ne ke fitowa. Taswirar ma zan sa ya haɗa da ita.